Kukan Fakara Ya Yi Nisa Da Rijiyar Zaki

Duk wanda ya san hanyar Gwarzo tun kafin Jami'ar Bayero ta tare a sabon mazauninta cikin shekarun 1980, ya san cewa da zarar matafiyi ya bar Kabuga ya miƙa yamma, to, birni ya ƙare ke nan, sai gonaki iyakar ganin ido. Rijiyar Zaki a wancan zamani tana cikin ƙauyukan manoma da suka yi wa birnin Kano zobe, gida a nan, gida a can, kowane da rumbunsa da turken awakinsa, ga ɗorawa da gawo da tsamiya sun yi wa gonakin rumfa. Idan kaka ta yi, aka idar da sallar asuba, kafin gari ya gama wayewa, abin da kunne kan fara ji daga cikin karan dawa shi ne kukan fakara. Namijin kan hau kan suri ko kututture ya miƙe wuya ya yi ta kwarara wata ƙara mai kaushi, wani ya amsa masa daga gefen burtali, wani kuma daga can bakin fadama, har rana ta ɗago su yi tsit.

A yau Rijiyar Zaki mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Ungogo, kuma birni ya riga ya haɗiye mafi yawanta. Inda ake shuka gero da gyaɗa an yanka filaye, an yi gidajen bulo da shaguna da makarantu, motoci da babura ba dare ba rana. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta sami mutum fiye da 360,000 a Ungogo, a ƙasar da faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 204 ba, kuma tun daga lokacin gini bai tsaya ba. Mai son jin kukan nan na asuba yanzu sai ya wuce Rimin Gata, ya wuce jami'a, ya nausa wajen ƙasar Tofa ko Rimin Gado, can ma sai ya yi dace.

Ba wanda zai ce kada a gina gida saboda tsuntsuwa. Amma gonakin da suka rage a bayan birnin suna da yawa, fakara kuma tana nan a cikinsu tukuna, kuma abin da zai sa ta zauna ko ta ƙara gaba bai fi ƙarfin hukuma da talakawa ba. Magana ce ta wurin ɓuya, da kuma ta watan da ake fita farauta.

Tsuntsuwa mai ƙaimi biyu

Wasu kan ce fakara, wasu makwarwa, duk abu ɗaya ake nufi. Dangin kaza ce da zabo, ba ta kai kazar Hausa girma ba, nauyin babban namiji wajen rabin kilo ne, macen ba ta kai haka ba. Bayanta ruwan ƙasa ne, irin launin busasshiyar ciyawa, tana da farin layi a saman ido kamar an ja mata kwalli da alli, ƙirjinta kuwa zane-zane ne na baƙi da ja-ja da fari. Ƙafafunta kore-kore ne. Namiji yana da ƙaimi biyu a kowace ƙafa, ba ɗaya irin na zakara ba, kuma daga nan ne masana kimiyya suka samo sunan da suke kiranta da shi da Latin, watau Pternistis bicalcaratus, mai ƙaimi biyu. Ana samunta tun daga Senigal har Kamaru da Chadi, sa'an nan akwai wani ɗan reshe nata da ya ware can ƙasar Maroko, wanda ya yi ƙaranci har ana jin tsoron ƙarewarsa.

Akwai wata 'yar'uwarta a wajen Barno da Yobe mai jan fata kewaye da ido da jajayen ƙafafu. Ita Turawa sun laƙaba mata sunan Hugh Clapperton ne a 1826, watau Baturen nan matafiyi da ya shigo Kano a watan Janairu na 1824 ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Kazar dutse kuma daban take, ita ƙarama ce, baƙa-baƙa, mai ɗage wutsiya, ba ta rabo da duwatsu.

Fakara ta fi yarda da ƙafarta bisa ga fiffikenta. Idan ta ji motsi sai ta sunkuyar da kai ta bi kunya da gudu, ko ta lafe a gindin ciyawa har mutum ya kusa taka ta. Sai ta ga ba makawa sa'an nan take tashi, fir, da wata irin ƙarar fiffike mai tsinka zuciya, ta yi 'yar tafiya kaɗan ta sake faɗawa cikin ciyawa ta ci gaba da gudu. Abincinta tsabar da ta zube ne, da 'ya'yan ciyawa, da gara, da fara, da sauran ƙwari. Manomi yana da ƙorafinsa a kanta, kuma ƙorafin gaskiya ne: takan bi shuka ta tone iri, takan kuma tone gyaɗa tun ba a cire ba. Sai dai ba a cika lissafa mata ƙwarin da take tsincewa a gonar ba.

Ba ta yin sheƙa a kan itace. Ɗan gurbi take tonawa a ƙasa, a gindin tushen gamba ko ƙarƙashin yaɗon wake, ta shimfiɗa 'yan ciyayi, ta saka ƙwai biyar zuwa bakwai, ta kwanta a kansu kimanin mako uku. 'Yan tsakin suna ƙyanƙyashewa suke bin uwarsu da ƙafa. Wannan gurbi na ƙasa shi ne rauninta, kuma za a dawo kansa nan gaba.

Gonar da ba ta hutawa

Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano ta daɗe tana ba masana mamaki. A 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa J. Wilson suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan ƙasa da jama'ar wannan yanki, inda suka nuna yadda mutane suka cika maƙil amma ƙasa ba ta gaza ba. Gona ba ta hutawa, kowace shekara sai an nome ta, ana riƙe ƙarfinta da takin dabbobi da tokar gida da sharar birni da ake kaiwa a kan jakuna cikin mangala. Ba a sare itacen da ke da amfani. Gawo yana zubar da ganyensa da damina ya bar shuka ta sha rana, ɗorawa ta ba da kalwa, kuka ta ba da miya.

A irin wannan ƙasa babu saura, babu ƙungurmin daji. Sunan Rijiyar Zaki yana ɗauke da zaki, amma zaki ya daɗe da barin wannan nahiya, haka ɓauna da gwanki da barewa. Fakara ce ba ta tafi ba, domin ita ba daji take nema ba. Abin da take bukata shi ne iyakar gona. Manomin da yakan bar layin gamba tsakaninsa da maƙwabcinsa, domin shi ne shaidar iyaka, shi ne kuma zanarsa da jinkar ɗakinsa. Burtali yana da shingen aguwa ko bini-da-zugu hagu da dama don kada shanu su yi ɓarna. Wasu gonakin an kewaye su da lalle. Ga suri da ba a rushe ba, ga ɗan kwazazzabo da ciyawa ta rufe, ga bakin fadama. Duk waɗannan ba wanda ya tanade su domin tsuntsu, amma da aka haɗa su sai suka zama gari guda na fakara, hanyoyinsa a haɗe, tana iya tafiya mai nisa ba tare da shaho ya hango ta ba.

Wannan garin ne yake rushewa, kuma ba gini kaɗai ke rushe shi ba. Gadon gona yana ta rabuwa, kowane magaji yana ganin taku biyun da gamba ta tare asara ce, sai ya tumɓuke ya kafa turken siminti. Kwanon rufi ya rage wa jinka daraja. Burtali da yawa an cinye su da garma kaɗan-kaɗan, abin da ke jawo rigimar manoma da makiyaya kowace shekara, ba ma ta tsuntsu ake yi ba. Sa'an nan ga maganin feshi na kashe ciyawa wanda ya zama ruwan dare. Mai feshi ba ya tsayawa a bakin kunya, yakan haɗa har da iyaka da gefen hanya, ya bar wurin ƙurmus. Maganin ƙwari kuwa yana rage abincin da 'yan tsaki suka fi dogara da shi a makonninsu na farko.

Kere na yawo

Farautar fakara iri-iri ce. Yaro yakan fara ne da tarko, ya murza izgar doki ko zaren roba ya yi zarge, ya ɗaure a turke a kan hanyar da ya ga sawunta, ya barbaɗa tsabar dawa, ya dawo da sassafe ya duba. Mai kare yakan bi iyakar gona a hankali, kare yana sansana, shi kuma yana riƙe da kere ko gora, domin daga tashinta zuwa faɗawarta ɗan lokaci ne ƙalilan, wanda hannunsa ya yi nauyi sai dai ya bi ta da kallo. Hausawa sun ce kere na yawo, zabo na yawo, wata rana za a gamu. Maharbi kuwa yakan yi sammako ya laɓe kusa da surin da ya san namiji na hawa, da bindigarsa ta toka, ya jira kukan ya nuna masa wurin. Maharban da suna da wata dabara ta ɗaura kan burtu a goshi su yi rarrafe suna kaɗa shi, namun daji su ɗauka tsuntsu ne yake kiwo, har a kai musu kusa.

Addini ma bai bar wannan fage ba. Abin da aka buge da gora ya mutu kafin a yanka shi mushe ne, shi ya sa za a ga mafarauci ya yi jifa ya ruga da wuƙa a hannu. Ɗaliban da suka karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid sun san cewa malaman Malikiyya sun halatta farautar da aka yi don bukata, suka kuma karhanta wadda aka yi don wasa kawai.

Babbar farauta ita ce ta gayya, wadda ake yi da kiɗa da kirari, gari da gari, 'yan tauri a gaba, karnuka birjik. Irin wannan ba fakara ake fita nema ba, amma duk abin da ya tashi ba ya tsira, zomo ne, kurege ne, damo ne, ko tsuntsu. Yanzu dajin kusa ya ƙare, dajin Falgore da ke kudancin jihar, a ƙasashen Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, wurin ajiyar namun daji ne da doka ta hana farauta a cikinsa, saboda haka mafarautan Kano a mota suke tafiya, wani lokaci har kudancin Nijeriya. Jama'a ba su manta da abin da ya faru a garin Uromi na Jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, inda aka kashe mafarauta 16 suna kan hanyarsu ta komowa gida yin Sallah, yawancinsu mutanen Ƙaramar Hukumar Bunkure. Wannan ta'asa laifin waɗanda suka aikata ta ne, ba laifin daji ba, amma ta nuna irin nisan da sana'ar ta kai masu ita.

Wanda bai iya tafiya ba kuwa, sai ya juya kan abin da ya rage a gida. A nan ne wuta ke shigowa. Da zarar ciyawa ta fara bushewa sai samari su cinna wa gefen gona ko bakin rafi wuta don su kori gafiya da zomo. Babbar fakara takan tsere. Ƙwai ba ya gudu.

Kaka biyu

Akwai wata tsuntsuwa a dazuzzukan arewacin Amurka da Kanada wadda ta yi kama da fakara a girma da launi da hali, har ma da tashin nan mai firgitarwa. Mutanen can suna ce mata giraus, masana kuma Bonasa umbellus. Tana da baƙin gashi a gefen wuya wanda namiji kan buɗe kamar kwalar alkyabba, da wutsiya mai buɗewa kamar mafici. Namijinta ba ya kuka irin na fakara. Hawa yake yi kan gungumen itacen da ya faɗi, ya dafe da wutsiya, ya yi ta dukan iska da fikafikansa, da farko ɗaya-ɗaya, sa'an nan da sauri har su haɗe, wanda ya ji daga nesa sai ya zaci injin ban ruwa ake ƙoƙarin tayarwa. Da hunturu wasu 'yan ƙayoyi kan tsiro mata a gefen yatsu don kada ta nutse cikin dusar ƙanƙara, idan sanyi ya tsananta kuma takan kutsa cikin dusar ta kwana. Jihar Fensilbeniya ta ɗauke ta tsuntsuwar jiha tun 1931.

Farautarta babbar al'ada ce a jihohin Minesota da Wiskonsin da Mishigan, kuma da kaka ake yi, lokacin da ganyen itatuwa ya yi ja da rawaya yana zuba. Mutum ɗaya ko biyu kan shiga sarƙaƙiya da kare wanda aka hore shi, idan ya sansano tsuntsuwa sai ya ƙame wuri ɗaya yana nuna ta da hanci har maigidansa ya iso. Da yawa kan wuni suna tafiya su dawo hannu rabbana, wasu ma ba bindiga suke ɗauka ba, tabaron hangen nesa ne da na'urar ɗaukar hoto. A Minesota ana buɗe farautar a tsakiyar Satumba a rufe a farkon Janairu, sai da lasin, kuma ba a yarda mutum ya wuce guda biyar a rana ba.

To, mai karatu zai ce ai ga shi can ma da kaka ake yi, mene ne laifin mafaraucin Kano? Bambancin yana wurin kalandar tsuntsayen biyu. Ta Amurka tana ƙwai ne a Afrilu da Mayu, bayan ƙanƙara ta narke, ƙwai tara zuwa goma sha huɗu, ta ƙyanƙyashe kafin ƙarshen Yuni. Kafin Satumba 'ya'yan sun girma sun kusa kai uwarsu, sun fara watsewa kowa ya kama gabansa. Mafarauci yana ɗiba ne daga garken da ya cika, wanda ko ba a taɓa shi ba sanyi da shaho da mujiya za su rage shi sosai kafin wata shekara.

Fakara kuwa akasin haka take. Masanan da suka bi rayuwarta a Afirka ta Yamma sun sami yawancin ƙwanta daga ƙarshen damina ne zuwa cikin rani, lokacin da ciyawa ta yi tsawo, tsaba ta wadata, ruwan da zai cika gurbi kuma ya ɗauke. Masu cirar gyaɗa da masu roron wake ba sa bukatar littafi ya gaya musu haka, su ne ke cin karo da gurbin. Watau watannin Oktoba da Nuwamba, waɗanda ake girbi, ake yankan gamba, ake fara sa wuta, samari suka sami sarari suka saki karnuka, su ne ainihin watannin da uwa take kwance kan ƙwai ko take jan 'yan tsaki. Wanda ya buge uwa ɗaya a lokacin ba ɗaya ya kashe ba, shida ko bakwai ne, biyar ko shida daga ciki kuma ba za su shiga tukunyar kowa ba.

Darasi na biyu daga Amurka ya fi na farko ɗaci. Duk da lasin da ƙayyade adadi, tsuntsuwar tasu ta ragu ƙwarai a jihohi da dama, har Indiyana ta dakatar da farautarta a 2015, ta kuma sa ta cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a jihar a 2020. Dalili shi ne ita ba tsohon daji take so ba, sabon toho take so, mai kauri, irin wanda kan fito bayan an sare itace ko wuta ta ci. Gordon Gullion, wanda ya share shekaru yana nazarinta a dajin Cloquet na Minesota, ya nuna yadda rayuwarta ta rataya kan wani itace mai suna asfen, ƙananansa su ba ta mafaka, manyansa su ba ta tohon da take ci da hunturu. Da dazuzzukan suka tsufa, ƙasansu ya zama fayau, sai ta rasa maɓoya. Daɗin daɗawa ga cutar Yammacin Nilu da sauro ke yaɗawa, wadda ta shiga Amurka a 1999. Saboda haka ko an ajiye bindiga, idan babu mafaka ba a yi kome ba. Abin da sabon toho yake wurin waccan, shi layin gamba yake wurin fakara.

Kada kuma yawan tsuntsu ya ruɗi kowa. Hukumar duniya mai lura da halittun da ke cikin haɗari ba ta sa fakara cikinsu ba, gaskiya ne. Amma a gabashin Amurka an taɓa yin wata dangin giraus mai yawan gaske, abincin talakawa da barori, wadda ta ƙarshe a cikinsu an yi mata ganin ƙarshe a 1932 a wani tsibiri na Jihar Masacusets.

Doka da al'ada

Ba wai ƙasar nan ba ta da doka ba ne. Tun 1916 Turawan mulki suka kafa dokar kare namun daji, Gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1963 wadda jihohi suka gada, Gwamnatin Tarayya kuma ta fitar da doka mai lamba 11 ta 1985 a kan halittun da ke fuskantar ƙarewa. Sai dai hankalin waɗannan dokoki ya fi karkata ga manyan namu, giwa da zaki da raƙumin dawa da jimina, da kuma gandun dajin gwamnati. Ma'aikacin gandun daji ɗaya ba zai iya tsare iyakokin gonaki dubu ba, kuma ba wanda zai kai yaro kotu saboda zargen izga.

Abin lura shi ne Hausawan da sun riga doka. A wurare da dama na ƙasar Hausa, musamman wajen Kabi da Arewa da kwarin Maraɗi, ana yin bikin buɗar dawa wasu watanni bayan ɗaukewar ruwa, kuma kafin a yi shi ba a fita farautar gayya. Bikin yana tattare da tsafe-tsafe da duba irin na maguzanci, shi ya sa Musulunci ya ture shi, kuma ba wanda ke neman a dawo da wannan. Amma a cikinsa akwai ƙa'ida ɗaya wadda ba ruwanta da tsafi, watau daji yana da ranar buɗewa, akwai kuma mai buɗe shi. Da aka zubar da bikin sai aka haɗa har da ƙa'idar.

Masu riƙe da ita suna nan. Har gobe akwai Sarkin Baka da Sarkin Dawa a garuruwa, akwai ƙungiyoyin mafarauta masu shugabanni da katin shaida, akwai dagatai da masu unguwanni da limamai. Idan hakimi ya tara su aka yi shawara cewa ba kare, ba wuta, ba ɗaukar ƙwai a gonaki daga ɗaukewar ruwa har sanyi ya yi nisa, wajen ƙarshen Janairu ke nan, maganar za ta fi jin kunne bisa ga takardar da aka liƙa a sakatariya. Ba za ta ceci kowane gurbi ba, domin wasu kan yi ƙwai a makare, amma za ta ceci mafi yawa. Mafarauci kuma ba abin da ya rasa sai haƙurin 'yan watanni, bayansa ya sami tsuntsuwa mai nama maimakon uwa ramammiya.

Batun wuta yana da ɗan sarƙaƙiya, ya kamata a faɗa. Ma'aikatan gandun daji sun daɗe suna koyar da cewa idan ƙuna ta zama dole gara a yi ta da wuri, ciyawa da sauran danshi, domin wutar bazara ta fi cin itatuwa. Wannan daidai ne a gandun daji. Amma iyakar gona a ƙasar Ungogo ko Tofa ba ta bukatar wuta ko ta wuri ko ta makara. Ciyawar kuɗi ce, abincin dabbobi ce a ƙasar da ake sayar da harawa ɗauri-ɗauri. Malaman gona da ke koya wa manoma awon maganin feshi suna iya ƙara jimla ɗaya a kan darasinsu, cewa a bar taku ɗaya a bakin iyaka. Jami'an filaye masu yanka sababbin unguwanni kuwa, su ne ke da ikon barin bakin rafi da kwazazzabo yadda suke, abin da zai rage wa unguwar kanta ambaliya.

Wa zai ƙidaya?

A Minesota, tun 1949 ake ƙidayar tsuntsuwar nan kowace shekara, kuma hanyar ba ta da tsada. Ma'aikaci ko ɗan sa-kai kan fita da asuba a lokacin da mazan ke kiɗan fiffike, ya bi wata hanya da aka tsayar, ya tsaya a wuri goma, kowane wuri ya kasa kunne minti huɗu, ya rubuta sau nawa ya ji. Da haka suka tabbatar cewa yawanta kan hau ya sauka kusan kowace shekara goma, suka kuma iya bambanta saukar al'ada da ta haɗari. Kuɗin irin wannan aiki yana fitowa ne daga aljihun mafarauta, ta hanyar lasin da kuma wata doka ta 1937 da ta ware wa irin wannan aiki harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsashi, wanda yake kashi 11 cikin ɗari.

Kano ba baƙuwar nazarin tsuntsaye ba ce. A 1981 R. E. Sharland da Roger Wilkinson suka buga jerin tsuntsayen Jihar Kano a mujallar Malimbus, lokacin Jigawa ba ta fita daga cikinta ba, sai a 1991. Tun 2015 kuma cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos take gudanar da aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda yawancin masu yinsa ɗalibai ne da matasa 'yan sa-kai. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida wajen kilomita tara tsawo da faɗi, mai kallo ya shiga gida ɗaya ya yi aƙalla awa biyu, ya rubuta duk irin tsuntsun da ya gani ko ya ji a wayarsa ta hannu ya aika. Wannan yana nuna inda tsuntsu yake da inda ya ɓace, ko da yake bai faɗi yawansa ba.

Ga fakara kuwa, hanyar Minesota kamar don ita aka yi, tun da ita ma da asuba take shelar kanta, daga wuri sananne, da muryar da ba a haɗa ta da ta kowa. Sabon mazaunin Jami'ar Bayero yana bakin gonakin da ake magana a kansu, jami'ar tana da sashen nazarin halittu da na aikin gona da na labarin ƙasa, kowace shekara kuma ɗalibai na neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Babur ɗaya ya isa, da agogo da littafin rubutu. A tashi daga tashar Rijiyar Zaki bayan sallar asuba, a tsaya a kowane kilomita ɗaya har sau goma a kan hanyar Gwarzo ko wata hanyar ƙauye da ta ratse daga gare ta, a kashe inji, a kasa kunne minti huɗu. A tsayawar farko da ta biyu ba abin da za a ji sai zakaru da injin niƙa, wannan ma a rubuta shi. Ɗalibin baɗi ya bi hanyar nan ɗin, a watan nan ɗin, ya duba ko tsayawar da aka fara jin kukan bana tana nan, ko kuwa ta ƙara matsawa yamma.